Ranar da Muka Kai Baba Ya Ga Yaronsa

Mun tashi daga Sterling ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina ɗan Kumasi da muke aikin tuƙi tare a filin jirgin sama. Sai ƙarfe ɗaya na rana za a fara wasan besbol ɗin da za mu kalla, amma duk wanda ya san babban titin nan da ya kewaye Washington ya san idan ka bari rana ta fito a ranar aiki, to a kan gadar shiga Maryland za ka yi hantsi. Kuma ba filin wasa muka nufa kai tsaye ba, sai mun biya Beltsville mun ɗauki Baba.

Baba mutumin Filato ne, ya daɗe yana aikin jinya a nan har ya yi ritaya. A ɗakin ƙasan gidansa na sauka lokacin da na zo ƙasar nan, kuma shi ya koya mini kallon besbol, wasan da a da nake ganin babu abin da ake yi a cikinsa sai tsayuwa da tofar da yawu. Yau ga shi ni nake damun ku da zancensa a shafin nan. Baba ya sayar da gidansa, kayansa sun riga sun hau jirgin ruwa, ƙarshen wata zai koma gida gaba ɗaya.

Akwai wani ɗan wasa da Baba yake kira "yarona". Tun yaron yana sabon shiga a ƙungiyarmu ta Washington Baba ya ce wannan zai yi nisa, kuma ya yi. Da ya yi tsada aka ba da shi ga wata ƙungiya, aka karɓo samarin da ba wanda ya san su. Ni a lokacin na goyi bayan cinikin, har yanzu ma ina nan a kan bakana: ƙungiyar da ba ta cin wasa ba ta da dalilin zuba dukiyarta a kan mutum ɗaya. Baba kuwa ya ce mutum ba mota ba ne da za a canja, kuma tun ranar bai sake taka filin ba. Sai makon jiya ya kira ni ya ce ƙungiyar yaron tana zuwa gari, yana so ya ga yadda yake dukan ƙwallo ido da ido kafin ya tafi. Ranar Laraba kaɗai na samu hutu, shi ya sa muka sayi tikitin wasan rana.

Mun same shi a shirye, ya sa tsohuwar rigar ƙungiyar mai sunan yaron a baya. Falon babu komai sai kujerun roba da akwatuna. Mama, matar Baba, ta ce ba mai fita sai ya sha gwaten acca, muka zauna muka sha har da ƙari. Da za mu fita ta ja ni gefe ta ce, "Ka san gwiwarsa, ka san hawan jininsa. Idan rana ta yi zafi ka fito mini da shi, ko yana so ko ba ya so." Na ce to, Mama.

A Greenbelt muka ajiye mota muka hau jirgin ƙasa, domin kuɗin ajiye mota kusa da filin ya kusa kamo kuɗin tikiti. Layi ɗaya ne har ƙofar filin, babu canji. Da farko ma'aikatan ofis ne cike da jirgin, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Muna nausawa cikin gari masu hulunan wasa suka fara yawa: tsofaffin da suka yi ritaya, 'yan makaranta da malamansu, da wasu masu taye da ka gansu ka san ƙaryar ciwon kai suka yi a wurin aiki.

Zafin Washington na wannan lokaci ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona fata, wannan kuwa jiƙa mutum yake yi tun kafin ya motsa. Mun yi sa'a kujerunmu suna ƙarƙashin rumfa, amma kafin mu kai gare su sai da Baba ya huta a hanya yana riƙe da ƙarfen bene. Abinci a ciki sai mai ƙarfin hali. Kuɗin gorar ruwa ɗaya zai saya maka katan guda a shago. Naman da ake sawa a burodi ba mu san asalinsa ba, don haka ni da abokina muka tsaya a kan gyaɗa mai ɓawo. A nan kowa a ƙasa yake zubar da ɓawon, har masu taye. Abokina ya ce tun da ya zo Amurka bai ga abin da ya tuna masa da tashar mota ta gida kamar wannan ba.

Shi ɗan ƙwallon ƙafa ne, bai taɓa kallon besbol ba, sai na yi masa bayani a taƙaice. Ɗaya yana jifa, ɗaya yana duka da sanda. In ya doka, sai ya ruga ya bi zango uku ya dawo inda ya tashi, wannan shi ne ci ɗaya. In an fitar da mutum uku sai a yi musanya, haka har zagaye tara. Ya ce, "To yaushe ake gudu?" Na ce ya jira.

Ina cikin wannan bayani aka sa sunayen 'yan wasan baƙi a babban allo. Baba ya gyara tabarau ya karanta daga sama har ƙasa, ya sake karantawa. Babu sunan yaron. Wani Bature da ke bayanmu ya ce ai sun buga jiya da dare, yau an ba shi hutu. Wannan ɗabi'a tana cikin abubuwan da suke ba ni haushi a wasan yanzu. Mutane sun bar aiki, sun biya kuɗi, sannan a ce kwamfuta ta nuna jikin ɗan wasa yana bukatar hutu. Baba ya naɗe hannu ya zuba wa rumfar 'yan wasan baƙi ido, inda ake hango yaron jingine da shinge yana taunar cingam.

Wasan kansa ya yi kyau. Agogon nan da aka sa wa masu jifa, wanda tsofaffin 'yan kallo suke zagi, ni ina sonsa, domin ya hana mutum tsayawa yana gyaran hula har abada. Mai jifanmu ya riƙe baƙi sosai, amma ana tsakiyar wasa koci ya cire shi alhali bai nuna gajiya ba, wai lissafi ya ce masu duka sun fara gane shi. Wanda aka sako kuwa nan take aka ci shi biyu. Alƙalin wasa ma ya yi wani hukunci da ko makaho zai yi gardama a kansa. Muka samu wani lungu ni da abokina muka yi azahar, muka dawo muka tarar muna gaba da ci ɗaya, Baba kuma gumi ya jiƙa masa riga. Na ce, "Baba, ko mu tafi? Mama ta yi mini kashedi." Ya ce, "Ɗana, zauna. Ban gama ba."

A zagaye na takwas baƙi suka sa mutum a zango na biyu, saura mutum ɗaya a fitar musu. Sai muka ga kocinsu ya sako yaron, ya ɗauki sanda ya fito. Filin ya kaure, rabi na tafi, rabi na yi masa ihun maci amana. Baba ya dafa kafaɗata ya miƙe a kan gwiwar nan tasa, ya cire hula yana kaɗawa. Yaron ya iso wurin duka, ya share ƙasa da ƙafa, ya ɗaga sanda.

Kocinmu ya leƙo ya ɗaga yatsu huɗu.

Ga waɗanda ba su sani ba, wannan alama tana nufin ba za a jefa masa ƙwallo ba sam, ya wuce zango na farko kyauta, a fuskanci na bayansa wanda bai kai shi haɗari ba. A da sai an yi jifa huɗu a gefe, ko ba komai ana iya kuskure. Yanzu yatsu kawai ake ɗagawa. Yaron ya ajiye sandar da bai kaɗa ko sau ɗaya ba, ya taka a hankali ya tafi. Baba, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ko a gidansa, ya haɗa hannuwa a baki ya yi ta zazzaga wa kocinmu faɗa da yaren garinsu. Baturen bayanmu bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ce ya yarda da duk abin da ya faɗa. Na bayan yaron ya doka ƙwallo sama aka cafe, ya zama na uku da aka fitar, a zagaye na tara ma ba su ci ba, muka ci wasan. A lissafi koci ya yi daidai, kuma da ni ne haka zan yi. Ban dai faɗi haka a gaban Baba ba.

A jirgin komawa ina ta jin nauyin na zaɓi ranar da ba ta dace ba. Muka isa Beltsville da la'asar sakaliya. Mama tana bakin ƙofa, ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa, ta ce, "Ka gan shi?" Baba ya zauna a kujerar roba yana cire takalmi, ya ce, "Na gan shi. Har yanzu tsoronsa suke ji. Ko jefa masa ba su iya yi ba." Ya yi dariya har da tari, ya ce a ba shi ruwa.

Mun kama hanyar Sterling cikin cunkoson tashi daga aiki, muka isa ana kiran magariba. Abin da na koya a tafiyar nan biyu ne. In tauraro kake so ka gani, kada ka sayi tikitin wasan rana da ya biyo bayan na dare. Na biyu kuwa, ni ƙungiya nake bi, ina ƙirga nasara, shi Baba mutum yake bi, kuma a ranar ƙungiyata ce ta ci amma shi ya fi ni komawa gida da farin ciki. Abokina ya ce har yanzu bai ga inda aka yi gudu ba, amma in za a sake zuwa a kira shi.