Ranar da sufeto ya shanye mana darasi

Jikata ce ta zo da takardar gwajin asid yau, wadda ke canza launi in an tsoma ta a ruwa mai tsami, sai na tuna sakandarenmu ta Kazaure a shekarun saba'in.

Irin takardar nan ta ƙare mana ranar zuwan sufeton makarantu, sai malamin kimiyya ya jera kofi uku na zoɓo a madadinta. Wanda ya sa wa tsamiya ya yi jawur, na kanwa ya yi duhu, na gishiri bai canza ba.

Sufeto ya shigo yana gumi, ya ɗauka ruwan baƙo ne. Ya yi bismilla, ya shanye na kanwar tas, ya yatsine fuska.

"Malam, wa ya haɗa zoɓon nan?"

"Ranka ya daɗe, ai darasin ke nan."

A ban ɗaki ya ƙarasa binciken ranar.

Ku fa, an taɓa shanye muku darasi?