Tsatsar Alkama a Gonakin Bakolori

Mun tashi daga Zariya ana idar da sallar asuba, ni da wani abokin aikina da direbanmu. Ni malami ne a wata makarantar koyon aikin gona, cututtukan tsirrai nake koyarwa. Abin da ya ɗaga ni saƙo ne daga Kawu, ƙanin mahaifiyata da ke noma a ƙasar Bakura, wai alkamarsa ta yi ja, in zo in gani tun ba ta ƙare ba.

Har Funtuwa hanya lafiya lau. Daga nan muka shiga ramuka, direba yana kauce wa ɗaya yana faɗawa biyu, yana kuma ba motar haƙuri kamar tana jinsa. A Gusau muka karya da waina da miyar taushe. Wainar ta ƙanƙance kamar marfin kwalba. Da na yi ƙorafi mai wainar ta ce tun da aka fara aikin dam ɗin Bakolori komai ya tashi, in je in tambayi masu shinkafa.

Mun shiga Talata Mafara ranar kasuwa. Ga kifin dam tuli-tuli, ga albasa, ga tumatir, ga masu gurasar dawa da ake kira hoce a bakin hanya. A nan raina ya fara ɓaci. Wani dillali ya jera kwalaben lemo cike da wani ruwa fari-fari, babu takarda babu suna, manoma sun yi masa zobe.

"Maganin tsatsa na, Alhaji," in ji shi. "Ka yayyafa sau guda gona ta tashi."

Na buɗe ɗaya na sunsuna, sai da idona ya kawo ruwa. Maganin ƙwarin auduga ne, mai ƙarfin gaske. Na ce masa tsatsa ba ƙwaro ba ce, wannan ba abin da zai yi mata, amma zai iya kashe mutum. Ya yi dariya ya ce in bai yi aiki ba ai Allah ne bai nufa ba. Abokin aikina ya ja ni gefe don ya ga muryata ta fara tashi.

Da azahar muka isa wajen Kawu. Muka daɗe muna gaisawa, ya gida, ya sanyi, ya mutanen Zazzau, kafin ya gaya mini abin da bai sa a cikin saƙo ba. Babban ɗansa Garba, magidanci mai 'ya'ya, yana kwance a ɗaki. Ya sayo irin kwalbar nan, ya dama a bokiti da hannunsa, ya yini yana yayyafawa da tsintsiya. Na shiga na same shi yana zufa cikin wannan sanyi, miyau na zuba, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi da ƙyar. Matarsa tana ba shi madara. Na ce a bar madarar nan, a tuɓe masa rigar da ya yi aikin da ita, a wanke shi da sabulu. Direba ya ɗauke su zuwa asibiti a Mafara, mu kuma muka nufi gona.

Gona ce shimfiɗaɗɗiya, an baje ta da katafila, magudanan siminti sun ratsa ta. Iyakar ganinka alkama ce iri ɗaya, tsawo ɗaya, kuma duk ta yi ja kamar an watsa mata garin jan ƙasa. Kafin mu kai tsakiya farin wandona ya rine. Na ciro gilashin ƙara girma na ɗora a kan ganye, na miƙa wa Kawu. Ya duba, ya ga ƙananan ƙuraje sun fashe suna fitar da jan gari. Na ce masa wannan garin shi ne irin cutar, abu ne mai rai, dangin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, iska ce ke ɗaukarsa daga gona zuwa gona.

Kawu ya ce, "To mi ya sa ba a hwaɗa muna ba? Da munka kai kuka, cewa anka yi ba mu iya ban ruwa ba."

Wannan maganar ita ta fi ƙona ni, domin ba sabon ilimi ba ne. Mutanen Rum na can da, da tsatsa ta dame su, har kare suke yanka wa gunkinsu don a raba su da ita. Su ba su sani ba, ba a ga laifinsu. An daɗe ana gardama ko funfuna ce ke kawo cuta ko ruɓa ce ke haifar da funfuna, har annobar dankali ta jefa ƙasar Ailan cikin yunwa, masana suka duƙufa suka tabbatar cewa funfunar ce sanadi. Tun daga nan aka gane cewa in ka shimfiɗa iri guda a ƙasa mai faɗi, ranar da cuta ta iya shi ta iya kowa. Mu ma nan mun gani da idonmu shekarun baya kaɗan, da ƙwarin darɓa suka yaɗa kuturtar gyaɗa ta durƙusar da manoman Arewa. Duk ɗalibin da ya zauna a ajina ya san wannan.

Kawu kuwa a da fadamarsa ta bakin gulbi ba a rasa dawa da masara da dankali da rogo a cikinta, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Da aikin dam ya zo aka karɓi gonakin, manoma suka yi shekaru suna zaune ba su shuka ba, har aka zubar da jini a kan maganar. Da aka maido musu fili, sai aka haɗo da iri da umarnin abin da za a shuka.

Washegari muka biya asibiti muka tarar Garba ya farfaɗo, yana magana. Daga nan muka yi Maradun don in ga wani jami'in aikin dam da aka ce ta hannunsa irin ya fito. Gaskiya dam ɗin abin kallo ne. Ruwa ya kwanta shuɗi har inda ido ya gaza, masunta na ta kai da kawo, mun ci soyayyen kifi a bakin hanya wanda har yanzu ina tuna daɗinsa. Amma da abokin aikina ya nuna tsakiyar ruwan ya ce a ƙarƙashin nan akwai gidaje da kushewun mutane, sai na ture sauran kifin gefe.

Jami'in ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo lemo. Na ajiye masa damin jan ganye a kan tebur. Na tambaye shi ko an gwada irin nan a ƙasarmu kafin a raba shi. Ya ce daga waje aka kawo shi, can kuwa ya yi kyau ƙwarai. Na tambaya ko akwai mai zagaya gonaki yana duba cuta. Ya ce akwai, amma babur ɗinsa ya lalace. Sai ya ƙara da cewa, "Malam, ka san mutanenmu, ba sa jin magana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sun ji magana. Jin maganar ne ya kai su inda suke." Na bar masa ganyen a nan, lemon ma ban sha ba.

Kafin mu juyo na sake komawa Bakura, Kawu ya tara maƙwabtansa a gindin tsamiya. Ban ɓoye musu ba, na ce alkamar bana ta tafi, abin da za su girba tsamurarriyar ƙwaya ce. Na roƙe su su binne kwalaben nan nesa da rijiya da magudana, kada su ajiye wannan iri don baɗi, kuma kowa ya raba gonarsa ya shuka abu daban-daban ko da an hana. Gilashin ya zaga hannu zuwa hannu, tsofaffi suna dubawa suna salati. Na bar wa Kawu shi.

Washegari muka kamo hanya, muka iso Zariya da la'asar, a gajiye. Labari ya biyo ni daga baya cewa Garba ya koma gida, alkamar kuwa ko ta tuwon sallah ba ta kai ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne ilimin da aka sha wuya aka tara shekara da shekaru ya tsaya a ajujuwa da ofisoshi, bai ƙarasa bakin gona ba. An iya kai siminti da katafila har ƙofar gidan Kawu, amma ba a samu mutum ɗaya da zai tsaya ya gaya masa abin da ke cin alkamarsa ba. Dillalin kwalba shi ya riga kowa isa.