Rilis ɗin Kyaftin

Kafin in zo Doha ban taɓa kallon ƙwallon kwando ba. A garinmu ƙwallo ta ƙafa ce, wanda ya sa mata hannu ya yi laifi. Sai ga shi kamfanin gadin da nake wa aiki ya ɗauke ni daga wani dogon bene a West Bay, ya kai ni zauren wasa na wata ƙungiya, aka tsayar da ni a ƙofar da 'yan wasa ke shiga. Daga nan rabin fili nake hangowa da kwando ɗaya. Rabin wasa nake gani, amma in aka tayar da gardama a ɗakinmu na unguwar Mansura, ba wanda ya kai ni ɗaga murya.

Abokin gardamata shi ne Baba direba, dattijon da ke tuƙa motar ƙungiyar. Mutumin wajen Gumel ne, gadonsa a ƙasa, nawa a sama. Bai san dokar wasan ba, bai kuma nemi sani ba. Da idon manomi yake kallon 'yan wasa: wannan yana da ƙirji, wancan ƙafarsa ba ƙwari, wannan kuwa ci ne kawai.

Mutum ɗaya ne ba mu taɓa yin saɓani a kansa ba, kyaftin ɗin ƙungiyar. Ɗan Sudan ne, amma kakarsa Bahaushiya ce, cikin waɗanda suka kama hanyar Makka a ƙafa suka yada zango a can. Hausar da ya gada ba ta cika cokali ba. Ranar da ya fara ji na ina waya da mutanen gida, sai ya tsaya, ya sunkuyo daga can sama ya ce, "Sannu da aiki." Mai gadi a nan kamar ɓangaren ƙofa yake, ana wuce shi ne kawai. Daɗi ya kama ni.

Daga nan ya zama namu. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci yakan zo Mansura, ya duƙa ya shigo, ya miƙe ƙafafunsa su cinye rabin ɗakin. Baba ya tuƙa tuwon semo, ni in kaɗa miyar kuka. Malmala biyu yake ci, ya suɗe hannu ya ce madalla, Hausarsa ta ƙare ke nan, sauran hirar sai Larabci da Turanci da nuni.

Shekarar da ƙungiyar ta sha kashi a hannun kowa, shugabanninta suka ce za a yi garambawul. Aka kawo sabon koci, aka fara shigo da samari. Ana cikin haka Baba ya dawo ɗaki da fara'a, ya ce ya ji a mota an ba Kyaftin rilis.

Mu ma'aikata a nan kalma biyu muke saurare. Akwai kansel, wato kafil, ubangidan da ya kawo ka ƙasar, ya soke maka zama, sai filin jirgi. Akwai rilis, wato kafil ya sake ka ka koma wurin wanda ya fi shi. Mutum kan daɗe yana roƙon rilis. An ce dokar ta sauya yanzu, amma har gobe wanda ya samu sai ya dafa wa 'yan ɗaki shinkafa da kaza. Saboda haka muka yi murna. Baba ya sayo dabino mai kyau, washegari muka tsaya a ƙofata muna jira.

Sai ga Kyaftin ya fito da kwali a hammata, takalmansa rataye a wuya. Baba ya tare shi da dabinon ya ce, "Mabruk, Kyaftin. Allah ya sanya alheri." Ni ma na kama hannunsa ina girgizawa, ina cewa mun taya shi murna.

Ya dube ni, ya dubi Baba, ya dubi dabinon. "Mabruk na me?" ya tambaya.

"Na rilis mana," in ji Baba.

Sai dariya ta ƙwace masa, har sai da ya ajiye kwalin ya zauna a kai. Da ya samu numfashi ya ce, "Baba, a wasanmu rilis shi ne khalas. Sun sallame ni."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya share ido ya yi mana bayani. Shekaru sun ja, gwiwa ta fara ƙara. In ba wata ƙungiya ta ɗauke shi kafin a rufe rajistar 'yan wasa ba, sai ya kwashe iyalinsa daga unguwar Al Wukair, ya cire yara daga makaranta, ga shi Sudan a lokacin ba ta zaunuwa saboda yaƙi.

Baba bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce, "Sun ce maka kansel?"

"A'a."

"To rilis rilis ne, ɗana. Wanda aka kwance ba a yanka shi ba. Karɓi dabinonka ka je ka ƙwanƙwasa ƙofofi."

Ya karɓa ya tafi. Daga ranar ya daina zuwa tuwon Juma'a, waya ma sai jefi-jefi. Baba bai fasa ware masa malmala biyu ba, yana rufe su da faranti har la'asar, sannan ya ce wa mai jin yunwa ya ɗauka. Ni ban taɓa iya cin su ba.

Da aka shiga sabuwar kakar wasa, gardama ta dawo ɗaki. Ni dai gaskiya ɗaya ce, ko da ta yi mini ɗaci: shugabannin sun iya saye. Wanda aka ɗauko a gurbin Kyaftin wani saurayi ne daga Amurka, in ya yi tsalle sai ka ce ƙasa ce ta tura shi. An samo mai jifa daga nesa, an samo wani ƙato mai tare ƙasan kwando. Gudun da suke yi a rabin filina, tsofaffin ba su taɓa yin irinsa ba, kuma ana cin wasa fiye da bara. Na ce duk mai adalci ya yaba musu.

Baba ya ce ni yaro ne, ban taɓa riƙe garma ba. Ba a ɗaura sababbin shanu biyu a karkiya ɗaya. Sabon sa, komai ƙarfinsa, sai an haɗa shi da tsoho ya koya masa miƙe kunya. Su kuwa sun sayar da tsohon sun cika turke da 'yan maruƙa.

Na ce, "Baba, ai suna huɗar."

Ya ce, "Suna yi. Amma ba su da kunya, ta gona da ta ido."

A nan ya kama ni, don saurayin nan kullum kunnuwansa a toshe da abin jin kiɗa, ya wuce ni ya wuce Baba ba ko ɗaga gira. A fili kuma na fara lura da abin da dattijon yake nufi. In wasa ya yi sauƙi sai su yi ta ruwan ƙwallo. In ya matse a ƙarshe, kowa sai ya nemi ya zama gwani shi kaɗai.

Wata ranar wasa da yamma, wata ƙaramar ƙungiya daga ɗaya gefen gari ta zo mana. Ina tsaye na hango motarsu tana sauke mutane a ƙofar baƙi. Na ƙarshen fitowa ya duƙa kafin ya sauko, irin duƙawar da na sani a ƙofar ɗakinmu. Ashe sun ɗauke shi ana dab da rufe rajista, ya ɓoye mana don ya ga idonmu. Na manta ina bakin aiki, na ɗaga masa hula.

Allah ya taimake ni, a zagayen ƙarshe kwandon da baƙin ke jefawa shi ne na ɓangarena. Maki ya zo kunnen doki. Samarinmu suna ta zabura, Kyaftin yana tafe a hankali da gwiwarsa a ɗaure, yana nuna wa nasa yaran inda za su tsaya. Ƙwallon ƙarshe ta zo hannunsa, mutum biyu suka rufa masa, har da Ba'amurken. Bai jefa ba. Ya zura ta ta ƙarƙashin hannunsu ga wani siririn yaro da kowa ya manta da shi, yaron ya saka.

Zauren ya yi tsit, sai mutum ɗaya a bayan bencinmu, sanye da rigar ƙungiyarmu, ya miƙe da hannu biyu a sama yana faɗin madalla. Baba ne. Koci ya juyo ya dube shi, shi kuwa ya gyara hula ya zauna, ga shi shi ne zai tuƙa su gida.

Bayan an watse Kyaftin bai bi ƙofar baƙi ba. Ta ƙofata ya fito, riƙe da hannun saurayin da ya gaje shi. Ya zare masa abin kunnen, ya nuna ni, ya faɗa masa kalmomin a hankali. Saurayin ya dube ni, karo na farko, ya ce, "Sanu da eki."

Na ce, "Yauwa, sannu kadai."

Kyaftin ya juya wurin Baba, wanda ya iso da makullin mota a hannu, ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Rilis, madalla."

Baba ya dubi saurayin sama da ƙasa, ya ce mini, "To, yanzu ne aka gama gyaran ƙungiyar." Ban yi masa gardama ba. Juma'ar da ta biyo baya, ba a rufe malmala ko ɗaya da faranti ba.