Yaya Tsvetana, Mai Adana Abin da Allo Ya Faɗa

Ƙarfe bakwai da rabi Tsvetana Doneva take shigowa ofishinmu a garin Pleven, da banitsa, wani gasasshen burodi mai cuku, a ƙunshe cikin takarda, tabarau rataye a wuya. Kafin ta ba kwamfuta umarni ko ɗaya a baƙar tagar allo da muke aiki a ciki, sai ta saita ta yadda duk rubutun da ya fito a allo zai zuba cikin fayil, ta sa masa kwanan wata. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, idanu sun gaji.

Matasan ofis sun mayar da abin na tsokana.

"Gwaggo Tsveta, ko atishawa kwamfuta ta yi sai kin adana?"

"Kai da ba ka tuna abin da ka karya da shi yau, kai ne za ka tuna layi ɗari uku?"

Sai a kwashe da dariya. Ni ma na yi, don dai a ɗauke ni ɗan zamani. Ina da shekara arba'in da shida na bar tuƙin bas na koyi wannan sana'a, kuma gwajin wata uku aka ba ni.

A mako na tara aka sa ni sabunta manhajar da wasu shagunan magani goma sha biyu ke aiki da ita. Jan rubutu ya cika allo. Na yi maza na rufe tagar, komai ya tafi. Wayoyi suka fara ruri daga shagunan. Shugabanmu Radoslav ya zo ya tsaya a kaina.

"Kawu Nedyalko, me ta rubuta kafin ta tsaya?"

"Ja ne dai."

"Ja? An ce maka danja ce?"

Ya ce in ba a gano matsalar kafin tsakar rana ba, in koma bas ɗina.

Tsvetana ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ashe tun ranar da na fara aiki ta saita kwamfutata tana adana komai, ba ta gaya mini ba. Ta buɗe fayil ɗin, ta kai fuska dab da allo tana bin layi da yatsa. Na tsallake mataki guda. Laifina ne, ba na kowa ba.

"Ga shi nan, ƙanena. Gyara da hannunka, ina nan."

Da Radoslav ya dawo yana tambayar wa ya yi ɓarnar, ta ce, "Fayil na nan, ka karanta. Amma ka kai ƙarshe, inda ya gyara."

Shekarata shida ke nan a kujerar. Daga baya na ji cewa duk sabon zuwa haka take yi masa, a ɓoye.

Yaya Tsvetana, ke ce kika riƙe mini aikina ba tare da kin yi ƙarya don ni ba. Washegarin ranar da kika cece ni aka sake tsokanarki a gabana, na sunkuyar da kai na yi shiru. Wannan shirun ya fi kuskuren damuna. Na gode, Yaya. Na gode ƙwarai.

Ku masu tasowa, ku adana abin da allo ya faɗa kafin ku rufe shi. In kuma akwai mai tsaya muku irin haka, ku gode masa tun yana zaune kusa da ku. Ni sai da aka manna takardar bankwananta a ƙofa bakina ya buɗe.