Ƙoƙon da Baba Ya Miƙo Mini

Ranar Lahadi aka raba mana Jibin Ubangiji a coci, a 'yan kofunan roba, kowa da nasa, sai na tuna Baba.

Dattijon cocinmu ne a Soundview, unguwarmu a nan ƙasar waje, lokacin da ƙanjamau ke kwashe mutane. Fasto ba ya son sa, don in aka yi zancen gidan wuta sai Baba ya ce, "Ban je ba, ban gani ba. Amma na san wanda ya kwana da yunwa."

Wata Lahadi Bitrus direban tasi ya shigo, ya rame, leɓensa duk gyambo. Kowa ya san ciwonsa, kuma a lokacin a ƙoƙo ɗaya muke shan Jibin. Da ya kurɓa, layi ya tsaya cak. Masu ihun "Amin" suka hau gyaran takalmi.

Baba ya karɓa, ya sha daidai inda bakin Bitrus ya taɓa, ya miƙo mini.

"Baba, ina da yara fa."

"Shi ma ɗan wani ne. Sha, ɗana."

Na sha, bakin ƙoƙon da ɗuminsa. Wata da watanni, ko tari na yi a jirgin ƙasa sai in ce shi ke nan, na kamu. Daga baya aka ce ba a ɗaukar cutar ta nan.

Yanzu jikina ya fara ƙi, kuma na san mutanen cocinmu sarai, addu'a ta waya za su yi mini. Ya Ubangiji, ka ba Baba hutawa. Ni kuma ranar da na kwanta, ka turo mini ko mutum ɗaya da ba zai tsaya a bakin ƙofa ba.