Tsagar da na ɓoye a ƙarƙashin niƙabi

Mun tashi da asuba daga masaukinmu a Kudai, ni da kawuna, bayan mun gama Umra. Saƙon Kaka ne ya fitar da mu. Tana kwance a ƙauye ba lafiya, ta ce kada mu dawo ba mu nemo mata labarin yayanta ba, wanda ya taho Makka a ƙafa tun tana yarinya. Sunan da muke da shi kawai Bawa, don uwarsu ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba saboda kunya.

A unguwar Hindawiyya muka sauka. Lunguna a matse, tasi sai hon, ƙamshin ful da tamis, wakensu da burodinsu, ya cika hanya. Kowane dattijo muka tambaya sai ya yi dariya, wai Bawan Allah ai duk mu ne. Kawu ya sha shayi har ya gaji, ba labari.

Wajen azahar aka shiga rufe shaguna, mutane suka ɗunguma masallaci. Na waiga ban ga Kawu ba. Fasfona na aljihunsa, wayata ba layi, Larabcina kuwa na sakandare ne. Na raɓe jikin bango ina kuka, na ɗaga niƙabi in share fuska.

Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta kafe ni da ido. Sai ji na yi ta damƙe mini hannu tana jana cikin lungu, tana Hausa rabi Larabci rabi. Na ɗauka sace ni za a yi. Da muka isa ƙofar wani gida ta shafa tsagar da ke kumatuna, wadda tun ina makaranta nake jin kunyarta.

"Ya binti, wannan askar ubana ce. 'Yar gidan wa ce ke?"

Ita ta fara jero kakanni kamar yadda ubanta ya koya mata: Abdullahi ɗan Mamman marini, ɗan Audu mai rijiya. Nan ta tsaya, ta ce sauran ya ɓace mata. Na ƙarasa mata da Tanko, wanda Kaka ta ce shi ya sari dajin ƙauyenmu. Tsohuwar ta zauna a ƙasa.

Ashe uban nata Abdullahi shi ne Bawa, ya rasu da daɗewa a unguwar Ka'akiyya. Can 'yar tasa ta kai mu da yamma, bayan an gano Kawu a bakin masallaci yana ta zufa.

Duk hanyar komawa gida tsoron yadda zan faɗa wa Kaka nake yi. Da na faɗa, sai ta tambaya ko ya haihu. Na ce har da jikoki. Ta ce to bai ɓata ba.

Mun yini muna yawo da suna, alhali shaidar na kan fuskata a rufe. Na daina shafa mata hoda.