Akuyar Baba Nomau da ƙafata ta dama

Salamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Masu tambayar ɗinkinsu da masu tambayar ko ina raye, duk ku yafe ni. Ina raye. Ciwon suga ne ya kwantar da ni.

Da ƙishirwa ya fara. Ni tela ne, a kan keke nake wuni, butar shayi a gefena. Sai shan ruwa, sai fitsari ba iyaka. Na ce zafin gari ne.

Wata rana allura ta soke ni a babban yatsan ƙafar dama, ban ma ji ba. Matata Hadiza ce ta ga jini a takalmina.

Yatsa ya kumbura, ya fara wari. A asibitin Madarumfa ma'aikaciya ta auna jinina, ta dubi na'urar, ta sake aunawa. Sai ta rubuta mini takardar zuwa asibitin Maradi.

Can kuwa kullum abu ɗaya: awon jini da safe, allura, ƙarin ruwa, wankin gyambo. Duk ordonas, wato takardar magani, da aka miƙo, Hadiza ta nufi farmasi. Muka sayar da ragon layya, sannan keken zigzag.

Likita ya ce, "Za mu gwada mu tsirar da ƙafar. Ban yi maka alkawari ba."

A gadon kusa da ni akwai Baba Nomau, tsohon direba daga Gabi. Shi ma suga ne, an riga an yanke masa ƙafa daga gwiwa. Duk sanda aka kwance mini bandeji sai idona ya tafi kan bargonsa, wurin da ya kwanta lafe. Tsoro nake ji, irin wanda ko addu'a mai tsawo ba na iya haɗawa. Ƙafar nan da ita nake taka keke, da ita gidana ke ci.

Ranar da za a sallame ni, Baba Nomau ya zaro wani ɗan abin wasa daga ƙarƙashin matashi. Bai kai tafin hannu ba, da gilashi da maɓallai. A ciki akwai wata 'yar dabba ja, shi ya ce akuyar Maradi ce, ya sa mata suna Ja. In ka sa abin a aljihu ka yi tafiya, sai ta samu abinci. In ka zauna, ta kwanta ta rame.

Ya ce, "Ɗiyata ta aiko min shi daga waje, wai in riƙa yawo da shi. Na yi dariya na jehwa shi akwatin mota. Yanzu ga akuya, babu ƙahwar kiwo. Taka ƙahwar tana nan. Tahi da akuyar."

Na karɓa don kada in ba shi kunya.

Da gyambon ya rufe, likita ya ce in fara tafiya kullum da takalmi rufaffe, in bar suga, in ba haka ba ciwon zai dawo, kuma sannan wuƙa ce. Na ji, amma na kasa. Na wuni a kan tabarma ina kallon yatsana, ina jiran ya sake baƙi. Hadiza ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji.

Sai Baba Nomau ya kira. Bai tambayi jikina ba.

"Ɗana, Ja ta ci?"

Na kunna abin. Tana kwance, haƙarƙari a waje. Na ce, "Yanzu za mu hita, Baba."

Kun san garinmu, magidanci ba ya tafiya haka kawai. Kafin in kai bakin tafki wani mai babur ya tsaya. "Tela, lahiya? Hau in kai ka." Ya kai ni ina? Wasu suka ce na karye, wasu suka ce ciwon ya taɓa kai. Da na fara ramewa, surukata ta kira Hadiza ɗaki ta tambaye ta ko ta daina dafa mini abinci. Akwai ranakun da na juyo gida ina hawaye. Daga baya duk wanda ya tsaya sai in ce, "Kiwo za ni."

A cikin wasan kai ke zaɓar abin da za ka ba ta. Ka ba ta alewa, ta yi nauyi ta kwanta. Ka ba ta ganye, ta yi tsalle. Hadiza ta leƙo wata rana, ta ce, "Maigida, akuyar roba ka san ka ba ta ganye, kai kuwa cokali nawa ka zuba a shayin nan?"

Tun ranar na koma kwaɗon zogale, wake, gasasshen kifin tafki, tuwo kaɗan. Shayi ba suga har yau ba na jin daɗinsa, ba zan yi muku ƙarya ba.

Sugan ya sauka. Ba a warkewa, amma likita ya rage mini magani, kuma na koma kan keke.

Na gode wa Allah, na gode wa Hadiza, da ma'aikatan da suka wanke gyambon da ni kaina ba na iya kallo, da duk wanda ya yi mini addu'a.

'Yan uwa, in ƙishirwa da fitsari sun yi yawa ku je a auna ku. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, kada ya taka ƙasa ba takalmi, kada ya bar magani don ya ji sauƙi. In kun ga mutum yana tafiya, ku gaishe shi ku wuce.

Satin jiya na je Gabi in mayar wa Baba Nomau abinsa. Na same shi a zaure, an naɗe ƙafar da ta rage da bandeji. Na miƙa masa, Ja ta yi ƙiba tana tsalle. Bai karɓa ba.

Ya ce, "Ba ita nika son gani ba. Cire takalmin."

Na cire. Ya riƙe ƙafata da hannu biyu, ya daɗe yana duban yatsun.

Sannan ya ce, "To. Mayar da Ja aljihu."